Daga Gasar 1933 Zuwa Hikayata: Tarihin Gasa, Bita Da Zaman Karatu A Adabin Hausa

A shekarar 1933 wani Bature jami'in ilimi mai suna Rupert East ya bar ofishinsa da ke Zariya ya shiga zagayen manyan garuruwan Arewa da wata buƙata da ba a saba jin irinta ba. Duk inda ya sauka sai ya nemi a tara masa malamai da masu ilimi, ya gaya musu cewa hukuma ta sa gasa: ana so mutum ya ƙago labari daga kansa, ya rubuta shi da Hausar boko, tsawonsa ya kai kimanin kalma 20,000, kuma za a buga waɗanda suka yi fice a matsayin littafi. Daga wannan zagaye ne ƙagaggen labarin Hausa na zamani ya samo asali, kuma tun daga ranar gasa ta zama babbar ƙofar da marubutanmu ke shigowa ta cikinta.

Dalilin gasar a fili yake. Makarantun boko sun fara yaye ɗalibai masu iya karatu, amma babu abin da za su karanta idan sun rufe littafin aji. Hukumar Fassara, wadda aka kafa a Kano a 1929 kafin a mayar da ita Zariya, ta fitar da littattafai irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, waɗanda akasarinsu fassara ce daga Larabci. Suna da amfani, sai dai ba su ne irin littafin da yaro zai ɓoye a ƙarƙashin tabarma ya ci gaba da karantawa da fitilar aci-bal-bal ba. East ya gane cewa wanda bai ɗanɗani daɗin karatu ba, ba zai daɗe yana yin sa ba.

Malaman da ya tarar ba baƙin alƙalami ba ne. Ƙasar Hausa ta shafe ƙarnoni tana rubutu da Larabci da ajami, kuma waƙoƙin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u suna bakin mutane. Amma a wurinsu tawada da takarda kayan addini ne da ilimi: wa'azi, fiƙihu, tarihi, madahu. Labarin da bai faru ba kuwa sunansa tatsuniya, muhallinsa dare, masu shi mata da yara. A ce dattijo mai rawani ya zauna da rana tsaka yana rubuta abin da ya san ƙarya ne, wannan ya yi musu nauyi. East da kansa ya bayyana wannan wahala a wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936. Shi ya sa waɗanda suka amsa kiran akasarinsu mutane ne da suka haɗa karatun allo da na boko, musamman masu alaƙa da Kwalejin Katsina.

Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri. Abubakar Imam, malamin Makarantar Midil ta Katsina, ɗan shekara 22 a lokacin, ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da yawonsa na neman ruwan magani, da rigimarsa da Malam Zurƙe wadda ba ta ƙarewa. Wansa, Malam Bello Kagara, ya rubuta Ganɗoki, jarumin da ya yi yaƙi da Turawa a lokacin zuwansu sannan ya faɗa duniyar aljannu. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta a Bauchi, ya kawo Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta sha baƙar wuya wajen nemansa. Muhammadu Gwarzo ya rubuta Idon Matambayi a kan ɓarayi da dabarunsu. Na biyar, Jiki Magayi, labarin soyayyar da kuɗi ya raba da ramuwar gayya da ta biyo baya, John Tafida ne ya rubuta shi tare da East kansa.

Abin lura shi ne yadda waɗannan biyar suka buɗe hanyoyi daban-daban tun a karon farko: barkwanci da yawon duniya, jarumta, tarihin bauta, labarin laifi, da soyayya. Fiye da shekara 90 ke nan, kuma har yau ana karanta su a makarantu. An fassara Shaihu Umar zuwa Ingilishi a 1967, aka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.

Bitar Zariya

Da a ce an raba kyaututtuka kowa ya koma garinsu, da labarin ya tsaya a littattafai biyar. Abin da ya mayar da gasar 1933 tushen adabi shi ne aikin da aka yi bayanta. East bai karɓi rubutu ya miƙa wa maɗaba'a kai tsaye ba. Yakan karanta, ya yi gyara, ya rubuta wa marubucin wasiƙa, ya nuna masa inda labari ya yi rauni da inda aka jingina da littafin wani fiye da kima. A nan ne aka fara daidaita ƙa'idojin rubutun Hausar boko, har da yadda za a bambanta haruffa masu lanƙwasa, domin kada a rubuta ƙafa a karanta kafa.

A 1936 ya nemi a ba shi aron Abubakar Imam daga Katsina. Imam ya zo Zariya ya yi kimanin wata shida ba shi da wani aiki sai rubutu. An tara masa littattafan hikayoyi na ƙasashe iri-iri: Alfu Laila, tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara, labaran aku na ƙasar Indiya, da sauransu. Ya karanta, ya zaɓa, ya rushe, ya sake ginawa da ƙasar gida. Mai saƙar wata nahiya ya koma maƙerin ƙauyenmu, fadar wani sarkin Gabas ta koma fada mai dogarai da zagage da maroƙa. Abin da ya rubuta sai su zauna da East su bi shi layi-layi, a yi muhawara a kan kalma, a soke, a ƙara. Sakamakon wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda ya fara fitowa a 1937, da akun nan da ya zama waziri saboda iya bakinsa. Wannan ita ce bitar rubutu ta farko da aka sani a tarihin zuben Hausa, ɗalibi ɗaya da edita ɗaya, kuma har yau ba a yi wadda ta haifar da abin da ya kai nata ba.

Wajibi ne a faɗi ɗaya gefen. East ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma aikinsa wani ɓangare ne na manufar ɗora boko a kan ajami. Hannunsa ya yi nauyi a kan abin da aka buga, ya fi son labari mai sauƙi da ban dariya wanda zai shiga aji ba tare da ya tayar da ƙura ba, kuma salon da ya fifita ya daɗe yana mulkin zuben Hausa har ya zama kamar shi kaɗai ne salo. Manazarta sun yi ta magana a kan wannan, kuma suna da hujja. Amma tsarin aikin nasa, wato a nemo mai baiwa ta hanyar gasa, a zauna da shi a goge shi, sannan a ba shi filin da zai ci gaba da rubutu, tsari ne da ya ci a riƙe ko da an yi watsi da manufar mai shi.

Filin nan kuwa ya samu a watan Janairu na 1939, lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam yana editanta. Jarida ce ta labarai, an kafa ta gab da Yaƙin Duniya na Biyu domin gwamnati ta isar da muryarta, amma ta yi wa Hausa aikin da mujallar adabi ke yi a wasu wurare. A shafukanta ake buga waƙoƙi, a nan ake muhawara, a nan malamin ƙauye ke ganin wasiƙarsa da sunansa a rubuce ya ji shi ma ana iya jin ta bakinsa. Kwafi ɗaya yakan zaga hannu da yawa. A ƙofar gida ko a gindin bishiyar kasuwa, mai iya karatu ɗaya zai buɗe ta ya ɗaga murya, sauran su kewaye shi, a tsaya a yi sharhi, a ce ya maimaita wuri kaza. Zaman karatu a bainar jama'a bai jira wani zauren taro ba, da jaridar kwabo ya fara.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da injinan ɗab'insa. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta karɓi aikin samar da abin karantawa a daidai lokacin da ake yaƙi da jahilci. Ta buga littattafai masu yawa da ƙananan jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya. Daga wannan zamani ne aka samu waƙoƙin Mu'azu Haɗeja a littafi, da labarai irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. NORLA ta rufe a 1959, kuma sai a 1966 aka kafa Kamfanin NNPC ya gaji aikin buga littattafai.

Zauren mawaƙa

Yayin da zube ya dogara da ofis da maɗaba'a, rubutacciyar waƙa ta bi tata hanyar, domin ita tun asali don kunne ake yin ta. Imfiraji ta Aliyu Namangi ta zaga ƙasar nan a bakin almajirai da makafi kafin yawancin masu sonta su taɓa ganin ta a takarda. Mawaƙan siyasa na zamanin NEPU da NPC a dandalin taro suke rera abin da suka rubuta. A Bauchi, a shekarun 1940, zauren tattaunawar da ya haɗa Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa ya nuna yadda zama wuri ɗaya ke wasa tunani da harshe.

Daga baya mawaƙa suka kafa ƙungiyoyinsu. A Kano akwai Hikima Kulob ta Alhaji Mudi Sipikin, akwai kuma Hausa Fasaha wadda Alhaji Aƙilu Aliyu ya jagoranta. Mambobinsu ba sai manyan malamai ba: akwai tela, akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikacin ofis, akwai mata. Gidajen rediyo suka ba su fili suna rera waƙoƙinsu, sai muryar da aka ji a zaure ɗaya ta isa har ƙauyukan Damagaram da Maraɗi. Har wani manazarci ɗan Ingila, Graham Furniss, ya yi digirinsa na uku a kan Hikima a shekarun 1970.

Amfanin irin wannan zama yana cikin yanayin waƙar kanta. Baiti yana iya yin kyau a ido, amma da zarar an ɗaga murya an rera shi, duk gaɓar da ta yi yawa sai ta yi tuntuɓe a harshe, ƙafiyar da aka tilasta kuma sai ta fito fili. Mai sauraro da ya saba ba ya buƙatar ya san sunan bahari kafin ya ji karin ya karye. Sabon mawaƙi yakan koma gida da baitin da aka tsayar da shi a kai, ya kwana yana juya shi, mako mai zuwa ya dawo da shi a miƙe. Makaranta ce ba ta da allo ba ta da takardar shaida, amma ta yaye mutane da dama.

A gefe guda kuma wani abu ya faru a Ibadan wanda ya dace a ajiye kusa da namu. A 1957 Ulli Beier, wani Bajamushe malamin jami'a, ya kafa mujallar adabi mai suna Black Orpheus. A 1961 aka buɗe kulob ɗin Mbari, inda Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele na Afirka ta Kudu suke haɗuwa. Mujalla tana bugawa, kulob yana shirya karatu da wasanni da baje kolin zane, ana gudanar da bita, kuma ana fitar da ƙananan littattafai, duk a inuwa ɗaya. Cikin 'yan shekaru marubutan da suka taso a wurin suka zama sanannu a duniya. Mu a Hausa muna da kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, amma a warwatse: gasa a hannun hukuma, ɗab'i a hannun kamfani, karatu a hannun ƙungiya da rediyo. Ba mu samu wata mujallar adabi mai dogon rai da ta tattara su ba.

Gasa biyu da abin da ya biyo baya

An shafe fiye da shekara 40 kafin a sake yin gasar ƙagaggun labarai mai tasiri irin na ta farko. A ƙarshen shekarun 1970 Kamfanin NNPC ya shirya tasa, kuma a 1980 ya buga littattafai uku da suka yi nasara: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Wannan gasa ta kafa tarihi ta fuska biyu. Ita ce ta fito da mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa, kuma ita ce ta kawo soyayyar saurayi da budurwa na wannan zamani, da rikicinsu da iyaye a kan zaɓin abokin aure, tsakiyar fage. 'Yan mata da yawa da suka karanta So Aljannar Duniya a makarantun kwana sun ga rayuwarsu a ciki, wasunsu kuma suka ɗauki biro.

Ba a jima ba Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya, ƙarƙashin Garba Ashiwaju, ya shirya gasar rubutu cikin harsunan gida. A 1982 aka buga na Hausa, ciki har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina, da wasan kwaikwayon Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Abdullahi Alƙanci. Waɗannan littattafai sun bar duniyar aljannu da sarakunan da, sun shiga Nijeriyar kuɗin man fetur: fasa-ƙwauri, cin hanci, 'yan daba, haɗarin mota, tsoffin sojojin da yaƙin basasa ya bari da makami a hannu. Zuben Hausa ya nuna zai iya kallon zamaninsa ido da ido.

Sai dai waɗannan marubuta ba su samu abin da Imam ya samu ba. Babu wanda ya ɗauke su ya ajiye a wani ɗaki na wata shida, babu mujallar da ke jiran labarinsu na gaba. Farashin man fetur ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma buga littattafan makaranta kawai, inda suke da tabbacin ciniki. Marubucin da ya kai musu labari sai ya shekara yana jira ba amsa. Da yawa daga cikin gwarazan gasar Sashen Al'adu ba a sake ganin wani littafinsu da ya yi irin wannan tashe ba.

Matasa ba su zauna jiran kamfani ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Littattafai ne ƙanana masu arha, ana raba labari kashi biyu ko uku domin kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Daga Kano dillalai ke ɗaukarsu zuwa sauran garuruwa har ƙetaren iyaka, masu shagon haya suna bayarwa a karanta a dawo, gidajen rediyo suna karantawa, a cikin gidaje kuma wadda ta yi makaranta tana karanta wa waɗanda ba su yi ba.

Da yake babu edita, sai marubutan suka zama editocin juna. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa sun taso ne a kan wannan buƙata. Sabon marubuci zai kawo labarinsa a rubuce cikin littafin aji, na gaba da shi su karanta, su nuna masa gyara, su haɗa shi da mai buga keken rubutu da mai zanen bango da maɗaba'ar da ba za ta cuce shi ba. Littattafan Raina Kama sukan ɗauki jerin sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiya, kowa yana tallata ɗan'uwansa. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, ita ma reshenta na Kano ya riƙa shirya zaman karatu inda marubuci zai karanta aikinsa a yi masa sharhi a gabansa.

Suka kuwa an sha ta. A shekarun 1990 aka yi doguwar muhawara a shafukan jaridu irin su Nasiha da New Nigerian. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancin littattafan ba su da inganci kuma ba za su yi ƙarko ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suna ganin wannan rubutu ya sa dubban mutane karatu, kuma ya ba mata bakin faɗin abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, kamar auren dole da kishi da hana karatu. Ibrahim Sheme, a matsayinsa na edita, ya ba muhawarar fili. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Masu suka sun ga kurakuran rubutu da labaran da aka fitar ba su nuna ba, masu kariya sun ga baiwa da ƙwazo. Dukansu biyu abu ɗaya suke kallo, wato marubuta masu yawa da suka taso ba tare da mai gyara ba. Waɗanda suka zaɓi hukunci maimakon gyara, har aka kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007, ba su ƙara wa ko shafi ɗaya inganci ba.

Zamanin Hikayata

A wannan shekarar ta 2007 aka fara gasar tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye, wadda littafin 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya lashe a karon farko. Ta ɗaga martabar marubutan Hausa na ɗan lokaci, sannan ta tsaya, kamar yadda gasar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya ko gida ɗaya takan tsaya.

A 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai, ta mata zalla. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarin Sansani, a kan rayuwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Maimuna Idris Sani Beli ta biyo baya a 2017, kuma a 2022 Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta zo ta ɗaya, abin da ya tuna wa kowa cewa adabin Hausa bai san iyakar da Turawa suka shata ba. Ƙarfin Hikayata abu biyu ne. Na farko, tana dawowa kowace shekara, har marubuciya ta san lokacin da za ta fara shiri. Na biyu, ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo, wato an haɗa gasa da tsohuwar al'adarmu ta sauraro. Ƙa'idar taƙaita labari a kalmomi kaɗan ita ma ta koya wa marubuta da yawa tsimin magana, bayan an saba da labari mai littafi huɗu. Bayanta wasu gasannin sun biyo, kamar ta Cibiyar Gusau da ke Kaduna da ta jaridar Aminiya, kuma a 2021 aka fara bikin baje kolin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF a Kaduna, inda ake karatu da tattaunawa da bita.

Duk da haka tsohon giɓin yana nan. Gasa takan karɓi ɗaruruwan labarai, ta karrama uku, ta yaba wa wasu 'yan kaɗan. Sauran fa? A cikinsu akwai wanda labarinsa gyaran mako biyu kawai yake buƙata, akwai yarinyar da ta iya gina jarumi amma ba ta san inda za ta tsaya ba, akwai wanda Hausarsa zuma ce amma bai san raba kalma ba. Ba mai gaya musu. Su kansu waɗanda suka ci kyauta, bayan an watse daga bikin, sau da yawa ba su da inda za su kai labari na biyu sai wayar hannu, inda ake rubuta shafi yau a sake shi yau, masu karatu suna ta neman ci gaba, ba wanda ya isa ya ce a dakata a sake dubawa.

Tarihin nan na shekara 90 ya nuna cewa tukunyar adabi a kan duwatsun murhu uku take zama: gasa mai zaƙulo marubuci, bita mai goge shi, da fili na dindindin inda za a buga shi a kuma karanta shi a gaban jama'a. A 1933 zuwa 1939 an haɗa ukun, aka samu Abubakar Imam. A gasannin NNPC da Sashen Al'adu ba bita ba fili, aka samu littattafai masu kyau da marubutan da yawancinsu suka yi shiru. A zamanin kasuwar Kano an samu fili da masu karatu ba edita, aka samu yawa da ƙarancin tacewa.

Saboda haka kira na ga masu shirya gasa shi ne su ware wani kaso na kuɗin biki su tara marubuta 20 ko 30 da suka fi nuna alama, su zaunar da su mako guda da gogaggun editoci, kowa da labarinsa a gabansa. Sassan Hausa na jami'o'inmu a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Yamai, da ƙungiyoyin marubuta, da masu hali da ke son harshen nan, su haɗa hannu su kafa mujallar adabi ko da sau huɗu ce a shekara, a takarda da kuma a waya, mai editan da ake biya, mai amsa wa duk wanda ya aiko da rubutu, mai zaman karatu a ƙarshen kowane wata. Marubuta kuma su daure wa gyara, domin wanda ya rubuta Magana Jari Ce ma an soke masa layi ya sake. Masu baiwa ba su taɓa ƙaranci a ƙasar Hausa ba, kowace gasa da aka yi tun 1933 ta tabbatar da haka. Abin da ya rage a kanmu shi ne mu tanadar musu wurin zuwa bayan an raba kyauta.